Ku Tambaya Mu Amsa: Ranar Hutun Ɗan Wasa a Gidajen Wasan Kwaikwayo Masu Karɓa-karɓa

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙun da suka zo mana a kan batu guda, wato yadda ake tsara ranakun hutu na dole ga 'yan wasan dandamali da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago, musamman a gidajen da ke nuna wasanni da yawa bi da bi a kaka ɗaya. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ainihin tambayoyin suna nan yadda masu su suka aiko.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin wasan kwaikwayo, kuma an ba mu aiki a kan yadda ake tafiyar da gidan wasa. Na karanta cewa a Amurka da Kanada wajibi ne a ba kowane ɗan wasa hutun yini guda a mako. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake maganar tsara wannan rana kamar wani gagarumin aiki. A ganina sai a rufe gida rana ɗaya kowa ya tafi, shi ke nan. To, ina wahalar take?
Ɗaliba daga Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da a ce kowane gida wasa ɗaya yake nunawa, da maganarki ta zauna daram. Haka abin yake a yawancin gidajen Broadway na birnin New York, inda ake maimaita wasa guda sau 8 a mako na tsawon watanni ko shekaru, galibi a rufe gida ranar Litinin, sannan a ware ranaku biyu da za a yi wasan rana da na dare domin adadin ya cika cikin kwana 6. Mai tsara jadawali a irin wannan gida ba shi da dogon lissafi, tun da 'yan wasan tare suke shiga, tare suke fita.

Tsarin karɓa-karɓa daban yake. A nan ayari ɗaya na 'yan wasa ne ke riƙe da wasanni da yawa a lokaci guda, yau a nuna wannan, gobe a nuna wancan, wani lokaci ma a kan dandamali ɗaya a yi wani wasa da rana, a kwashe kayansa, a kafa na wani wasan daban kafin dare. Ki ɗauki bikin wasannin Shakespeare na garin Ashland a jihar Oregon, wanda Angus Bowmer ya kafa a 1935. Kafin annobar korona sukan nuna wasanni har 11 a kaka ɗaya a kan dandamali 3, ɗaya daga ciki a fili yake ba rufi, kuma kakar takan ɗauke su daga Fabrairu zuwa ƙarshen Oktoba. Bikin Stratford na lardin Ontario a Kanada, wanda aka fara a 1953, shi ma a kan wannan tsari yake. A irin waɗannan gidaje ɗan wasa ɗaya yakan fito a wasa biyu ko uku, kuma wasannin ba rana ɗaya suke buɗewa ba: wani ya buɗe da farkon kaka, wani sai tsakiyarta, ta yadda mutum yakan yi watanni yana wasa da dare yana gwajin sabon wasa da rana.

Bari mu ƙaddara wata 'yar wasa a irin wannan gida domin a ga abin kusa da kusa. Ita ce jarumar wasa na farko, tana da ƙaramar fitowa a wasa na biyu, a cikinsa kuma ita ce 'yar ko-ta-kwana da za ta maye gurbin wata in rashin lafiya ta kama ta, sannan an sa ta a wasa na uku wanda bai buɗe ba tukuna. Ranar Talata da dare ta yi wasa na farko, ta tashi wajen ƙarfe 11. Yarjejeniyoyi da dama na Equity, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan dandamali ta Amurka, sun gindaya sharaɗin sa'a 12 tsakanin tashi daga aikin yau da kiran gobe, saboda haka babu mai ikon kiranta kafin ƙarfe 11 na safiyar Laraba. A ranar Larabar kuma akwai wasa na biyu da ƙarfe 1:30 na rana, kuma ƙa'idar dandamali ita ce ɗan wasa ya sa hannu a takardar halarta rabin sa'a kafin a fara, wato ƙarfe 1. In aka cire lokacin cin abinci, daraktan wasa na uku, wanda yake ta jiran ta domin su gwada wata fitowa mai wuya, da ƙyar ya samu sa'a ɗaya. Kuma ko wannan sa'ar ba za ta amfane shi ba sai in sauran mutum huɗun da ke cikin fitowar su ma babu abin da ya riƙe su a daidai lokacin, alhali ɗaya yana wasan rana a ɗaya dandamalin, wani kuma ya riga ya cika sa'o'in gwajin da aka halatta masa a wannan mako.

Sharuɗɗan ba su tsaya nan ba. Akwai iyakar yawan wasannin da mutum zai yi a mako kafin a fara biyansa ƙari, akwai tazarar hutu da cin abinci tsakanin wasan rana da na dare, a ɗakin gwaji kuma dokar Equity ta Amurka ita ce hutun minti 5 bayan kowane minti 55 na aiki, ko minti 10 bayan minti 80. Ma'aikatan da ke sauya kayan dandamali su ma suna da tasu ƙungiya da nasu sa'o'i. Duk wannan lissafi a kan mutum ake yinsa, kowa da nasa layi. Shi ya sa manajan dandamali da ofishin shirye-shirye suke zana babban jadawali, sunayen 'yan wasa a jere daga sama zuwa ƙasa, ranaku daga hagu zuwa dama, kowane gurbi da alamar abin da mutum yake yi a cikinsa, sannan kowace yamma a fitar da takardar kiran gobe a liƙa a allon da ke bakin ƙofar 'yan wasa, a kuma tura wa kowa a waya.

Shawararki ta rufe gida rana guda ita ce a haƙiƙa yawancin gidajen Amurka da Kanada suke bi, kuma Litinin ce aka fi zaɓa saboda ita ce ranar da 'yan kallo suka fi ƙaranci. Sai dai ki lura da wani abu. Litinin ɗin nan ita kaɗai ce ranar da dandamali yake zaune babu kowa, kuma sabon wasan da ake shirin buɗewa a tsakiyar kaka yana buƙatar dandamalin domin a saita fitilu da sauti, a gwada shiga da fita. Saboda haka idon kowane darakta a kan Litinin yake. Ana iya shigo da masu fitilu da masu kafa kaya su yi aiki a ranar, a ba su nasu hutun wata rana, amma ba a kiran 'yan wasa, sai dai a yanko lokacin gwajinsu daga sauran kwana 6 ɗin, ko da kuwa hakan na nufin soke wasan rana ɗaya ko biyu da asarar kuɗin tikitinsu.

A Jamus da Austiriya, inda gidajen wasa na birane suke da ayarin dindindin kuma wasa ɗaya yakan yi shekaru yana dawowa jefi-jefi, da yawansu ba su da tsayayyiyar ranar rufewa. Can sai a rarraba hutun, wannan ya huta yau, wancan gobe, kuma akwai ofishi na musamman a kowane gida da babban aikinsa shi ne wannan lissafi. Abin ya yi kama da rabon kwana a gidan mai mata da yawa: da zarar an taɓa ranar mutum ɗaya, sai ta kowa ta motsa. A ra'ayina, ma'aunin gidan da ya san aikinsa shi ne ya kafa ranakun hutu tun kafin ya raba wa 'yan wasa matsayi, domin ana buga kalandar wasanni a fara sayar da tikiti watanni kafin kaka ta kama, kuma duk hutun da ba a ajiye wa gurbi a lokacin ba, daga baya ba za a samar masa ba sai da rigima.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa. 'Yata tana cikin ayarin wani gidan wasa a nan Ingila, kuma mamba ce a ƙungiyarsu. A wani mako ba ta da wasa ranar Alhamis, sai aka kira ta awon tufafin wasa da safe, da yamma kuma aka haɗa ta da wani ɗan jarida. Da ta yi magana sai aka ce mata ai ba ta hau dandamali ba, don haka ta huta. Shin wannan magana tana kan hanya?
Mahaifi daga Birmingham

Amsa: Alhaji, muna amsawa. In har Alhamis ɗin ce aka rubuta mata a matsayin ranar hutunta ta mako, maganar da aka faɗa mata ba ta kan hanya. Rashin hawa dandamali abu ne daban, hutu kuma abu ne daban. Awon tufafi, ɗaukar hoto, hira da 'yan jarida, zama da darakta domin karɓar gyara, gwajin 'yan ko-ta-kwana, duk kira ne na aiki, kuma ranar da aka yi ɗaya daga cikinsu ta tashi daga ranar hutu, ko da minti 40 kawai abin ya ɗauka. Dalilin a fili yake: wanda aka ce ya zo ƙarfe 11 na safe ba zai iya barin gari ba, ba zai yi barcin da jikinsa ke nema ba, kuma muryar da ake so ta huta ita ce dai za ta yi hirar. In kuwa tana da wata ranar hutun daban a makon, misali Lahadi, to Alhamis ranar aiki ce da ba ta da wasa a cikinta, kuma suna da damar kiranta muddin ba a wuce sa'o'in da aka amince ba. Abu na farko ke nan da za ta duba a takardar kwantiraginta da jadawalin makon.

Dokar ƙasa ma tana da ta cewa. Dokokin lokacin aiki na Birtaniya na 1998 sun ba ma'aikaci hutun sa'a 11 a jere tsakanin aikin yau da na gobe, da kuma sa'a 24 ba katsewa a kowane mako, ko sa'a 48 a cikin mako biyu. Ƙungiyar Equity ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1930, ta daɗe tana tsaye a kan cewa ɗan wasa yana da haƙƙoƙin ma'aikaci ko da a wajen haraji ana lissafa shi cikin masu zaman kansu. Bayan wannan, ƙungiyar tana da yarjejeniyoyi da ƙungiyoyin masu gidajen wasa, tana kuma da na musamman da manyan gidaje kamar National Theatre na Landan da Royal Shakespeare Company, kuma sharuɗɗan sun bambanta daga wannan zuwa waccan. Kowane ayari yakan zaɓi wakilin ƙungiya daga cikinsa tun farkon fara gwaji. Wurinsa ya kamata ta fara zuwa, da rubutaccen lissafin ranar da lokacin da aka kira ta da lokacin da ta tashi, domin shi ne zai kai maganar ga manaja ko ga ofishin ƙungiya ba tare da ita ta tsaya tana cacar baki da wanda take fatan ya sake ɗaukarta baɗi ba.

Akwai wani ɓangare da babu yarjejeniyar da ta iya kaiwa gare shi, wato haddar magana. Tsofaffin 'yan wasan Ingila sun san wannan sarai. Daga shekarun 1930 zuwa 1950 garuruwa da yawa suna da gidajen da ke sauya wasa kowane mako: da dare a nuna wasan wannan mako, da safe a gwada na mako mai zuwa, da rana a yi hadda. A lokacin ba a buɗe gidajen wasa ga jama'a ranar Lahadi, saboda wata doka ta 1780 da ba a sassauta wa gidajen wasan ba sai a 1972, amma Lahadin nan takan tafi ne a kan hadda da shirya tufafin wasan da za a buɗe gobe. Har yau 'yar wasan da aka ba matsayi uku za ta ci wani abu daga ranar hutunta tana bitar magana. Maganin wannan yana hannun mai rabon matsayi, wanda bai kamata ya ɗora wa mutum ɗaya manyan matsayi biyu da za su buɗe kusa da juna ba.

Tambaya: Sallama da fatan alheri. Ni nake tsara jadawalin aikin ma'aikata a wani otal, shi ya sa batun ya ja hankalina. In doka ta ce rana ɗaya a mako, ashe mai gida yana iya matsar da ranar duk inda ya ga dama? Kuma in ɗan wasan da kansa ya yarda a biya shi kuɗi ya yi aiki a ranar hutunsa, wa zai hana?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Malam, ka taɓo inda gizo yake saƙa. A ce makon aiki yana farawa Litinin ya ƙare Lahadi, kamar yadda yake a yarjejeniyoyin Equity ta Amurka. Mai gida ya ba da hutu ranar Litinin a makon farko, a mako na biyu kuma ya ba da ranar Lahadi. A kan takarda kowane mako ya samu ranarsa, amma in ka ƙirga daga Talatar makon farko zuwa Asabar ta mako na biyu za ka tarar da kwana 12 a jere ba hutu. Saboda irin wannan ne ƙungiyoyi ba sa tsayawa a kan cewa rana ɗaya a mako kawai. Sukan ƙara da iyakar kwanakin da za a yi a jere, da sharaɗin a sanar da ayari tun da wuri kafin a sauya ranar, wasu yarjejeniyoyin kuma sukan ƙara da wani yini da ba za a kira mutum da rana ba sai wasan dare kaɗai. Ana matsar da ranar, musamman a makon Kirsimeti da sabuwar shekara lokacin da 'yan kallo suke cika gida, amma cikin waɗannan iyakoki. A gidan karɓa-karɓa matsarwar ta fi ciwo, domin wanda ke wasa ɗaya ba zai ji komai ba, alhali wanda ke wasa uku shi ne zai sha kwanakin a jere.

Haka nan wasan da aka soke ba a cusa shi cikin ranar hutu don a rama. A 2018 hayaƙin gobarar daji ya tilasta wa bikin Ashland soke wasanni da dama na dandamalinsu na fili ko mayar da su cikin wani zaure, kuma asarar ba ƙarama ba ce. A gidan da kowane dare yana da wasansa da aka riga aka sayar wa tikiti, babu gurbin da za a mayar da abin da aka rasa, in ban da ranar da ba a taɓawa.

Game da sayen ranar da kuɗi, gaskiya ne cewa in an shiga lokacin hutun ɗan wasa akwai ƙarin kuɗin da ake biya, kuma da gangan aka tsawwala shi domin kada mai gida ya mayar da abin al'ada. Amma ƙa'idar Equity ta Amurka ita ce ɗan wasa ba shi da ikon yafe wani sharaɗi na yarjejeniya shi kaɗai ba tare da amincewar ƙungiya ba. Wasu za su ga wannan kamar tauye 'yancin mutum ne. Ni ban gan shi haka ba. Sana'a ce da masu neman aiki suka ninka guraben aiki sau da yawa, kuma da an bar kowa ya yafe hutunsa, da wanda ya ƙi yafewa ba zai sake samun kira ba, sai dokar ta mutu ba tare da kowa ya soke ta ba. Inda aka bar zaɓi, kamar sauya tsarin sa'o'in gwaji ko rage lokacin cin abinci domin a tashi da wuri, akan bar wa ayari su kaɗa ƙuri'ar sirri, yadda darakta ba zai san wanda ya ƙi ba. In kuma gida yana da wata larura ta musamman, ƙungiya yake rubuta wa ya nemi sassauci.

Tambaya: Don Allah daga ina waɗannan dokoki suka samo asali, kuma har yanzu ana ja-in-ja a kansu ko magana ta ƙare?
Malamin makaranta daga Katsina

Amsa: Malam, an kafa ƙungiyar Equity ta Amurka a New York a 1913, a zamanin da ɗan wasa yakan yi makonni yana gwaji ba a biyansa ko sisi, ya sayi tufafin wasa da kuɗinsa, kuma in wasan ya faɗi a wani gari mai nisa a watsar da shi can ba kuɗin jirgin komawa. Masu gidajen wasa sun ƙi ɗaukar ƙungiyar da muhimmanci sai da aka yi yajin aikin watan Agusta na 1919, wanda ya ɗauki kwana 30 ya kuma rufe wasanni 37. Bayan yajin ne masu gidajen suka amince da ƙungiyar, wasa 8 a mako ya zauna a matsayin ma'auni, aka kuma sa iyaka ga makonnin gwaji na kyauta. Biyan kuɗin gwaji kansa sai a shekarun 1930 ya samu. Sauran sharuɗɗan hutu sun taru ne sannu a hankali, zaman sulhu bayan zaman sulhu. Gidajen da ba na kasuwanci ba a biranen Amurka sun haɗu a ƙarƙashin inuwa guda mai suna LORT a shekarun 1960, kuma da ita Equity take ƙulla yarjejeniyar da ta shafi yawancin manyan gidajen da ke wajen Broadway. 'Yan wasan Kanada sun ware da tasu ƙungiyar mai zaman kanta a 1976. Jamusawa kuwa sun riga waɗannan duka, domin ƙungiyar ma'aikatan dandamalinsu tun 1871 take.

Magana ba ta ƙare ba. Tun daga 2020, lokacin da annoba ta rufe gidajen wasa mutane suka samu sararin duba yadda suke rayuwa, an taso da ƙorafi a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne makon gwaji mai kwana 6. Na biyu shi ne ranakun gwajin fitilu da na'urori gab da buɗe wasa, inda yarjejeniya ta halatta a yi wa ɗan wasa aikin sa'a 10 a cikin sa'a 12, masu fitilu da manajojin dandamali kuma, da yake suna riga kowa zuwa su kuma tashi bayan kowa, nasu ya zarce haka. Masu ƙorafin sun ce rana ɗaya a mako a wanki da cefane take ƙarewa, kuma mai ƙananan yara ko mai jinyar iyaye ba zai iya jure tsarin ba. Wasu gidaje sun koma gwajin kwana 5 a mako, sun kuma daina doguwar ranar. Abin da ya hana kowa bi shi ne kuɗi, domin rage kwana ɗaya a mako yana nufin ƙara kusan mako guda a kan lokacin gwaji, da albashin kowa na wannan mako, a daidai lokacin da gidaje da yawa ba su gama dawo da 'yan kallonsu ba.

Tambaya: Shin 'yan fim ɗinmu na Kano suna da irin wannan kariya?
Mai karatu daga Fagge, Kano

Amsa: Ɗan'uwa, yanayin aikin ba ɗaya ba ne. Ɗan fim ana ɗaukarsa ne fim bayan fim, ya yi kwanakinsa a wurin ɗauka ya wuce, babu ayarin dindindin da ke fitowa gaban 'yan kallo kowane dare na tsawon wata takwas. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 13, ta ba ma'aikaci hutun da bai gaza sa'a 24 a jere ba a cikin kowane kwana 7, wanda ya yi daidai da ma'aunin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kafa wa masana'antu tun 1921. Sai dai wanda ake biya a kan kowane aiki, sau da yawa ma ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, da wuya ya iya kafa hujja da wannan sashe. Inda darasin gidajen karɓa-karɓa zai fi amfani a wurinmu shi ne fina-finai masu dogon zango, waɗanda ake ɗaukar makonni ana yi da mutane iri ɗaya, kuma abin da ya fi cancanta a fara rubutawa a takarda shi ne tazarar sa'o'i tsakanin tashi daga ɗaukar dare da kiran safiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatun wasan kwaikwayo a Amurka, kuma yana fatan shiga irin wannan ayari. Tun da Litinin ce ranar hutu, yaya zai yi da sallar Juma'a da ranakun Idi?
Yaya daga Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ranar hutun mako ta ayari ce gaba ɗaya, ba za a matsar da ita saboda mutum ɗaya ba, amma wannan bai rufe masa ƙofa ba. Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sauƙin da ya dace domin addininsa, matuƙar hakan ba zai jawo wa aikin matsananciyar wahala ba. Juma'a ba ta cika zama matsala ba, domin wasan Juma'a galibi na dare ne, abin da zai ci karo da salla shi ne gwaji, kuma manajan dandamali yana iya tsara fitowar da ba ya ciki a wannan lokaci in ya sani kafin ya zana jadawalin mako. A tsarin karɓa-karɓa ma abin ya fi sauƙi, tun da dama ba kowa ake kira a kowace sa'a ba.

Sallar Idi da safe ake yi, don haka yakan iya halarta ya dawo kafin kiran wasa. In kuwa yini guda yake so, sai an shirya ɗan ko-ta-kwanansa ya hau, kuma wannan yana buƙatar a gwada shi tukuna, a wasu gidajen ma da ƙarin kuɗin da za a biya shi. Saboda haka ya faɗi buƙatarsa a rubuce tun lokacin da ake maganar kwantiragi, kafin a sa hannu. Kuma da yake ranar Ƙaramar Salla tana rataye da ganin wata, ya ba su ranaku biyun da ake sa ran za ta faɗa a ɗaya daga cikinsu, ya bayyana musu cewa tabbacin ba zai zo ba sai daren da ya gabace ta, domin a sa wa gurabensa biyu alama a jadawali tun kafin a buga shi.